Shekarar da Na Zana Dajin Doguwa

A Bebeji aka haife ni, a gidan magina. Babana shi ake kira idan mai hali ya gama soronsa yana so a yi wa fuskar zaure ado. Tun ina 'yar mitsitsiya nakan tsuguna a gefe ina kallon yadda yake murɗa laka da yatsa, in na dawo gida kuma in ɗauki gawayi in cika bangon madafa da zane, a yi mini faɗa, in goge, gobe in sake. Da aka sa ni makarantar 'yan mata na ɗan lokaci, inda muka koyi karatun boko da ɗinkin matashi da zanen gado, ni ce mai zana wa 'yan ajinmu fure da fensir kafin su bi da allura. Ban ɗauki abin a bakin komai ba. Ina ganin kamar iya yin kitso ne, wata ta iya, wata ba ta iya ba.

'Yan shekaru kafin a sami 'yancin kai aka ɗaura mini aure da wani malamin daji, ɗan mutanen Ƙofa, aka kai ni Tudun Wada inda yake aiki. Mu uku ne a gidan: ni, da Malam, da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Inna gajeriya ce mai kaifin ido da kaifin baki, amma ba ta da riƙo. Da yake Malam ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wancan yaron", ko da kuwa yana zaune a gabanta. Aikinsa shi ne zagaya daji a kan keke, daga Tudun Wada har Doguwa da gindin duwatsun Riruwai, yana duba masu saran itace da masu cinna wa daji wuta.

Wata ranar bazara ya dawo da la'asar, ya ci abinci, ya shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki ya fito da takardu da fensir. Ina wanke-wanke ina jin tsakinsa. Da na gama na kawo masa ruwa, na leƙa.

"Malam, wannan akuyar ta wace ce?"

Ya ɗago ya harare ni. "Barewa ce."

"To, Allah ya ba ka haƙuri. Wannan jakin fa, me ya fito masa a ka?"

"Gwanki ne, amarya. Ƙaho ne wannan."

Na yi iya ƙoƙarina in riƙe dariya, ta ƙi riƙuwa. Shi ma da ya sake duban takardar sai ya fashe. Sannan ya gaya mini abin da ke ciki. Baturen daji da ke Kano yana so a yi babban hoton bango, a buga shi da yawa, a rataya a makarantu da zaurukan dagatai da ɗakunan magani. A jikinsa za a nuna itatuwan da ba a yarda a sare ba da namun dajin da ba a yarda a harba ba a cikin gandun daji. Tunda yawancin mutane ba sa karanta boko, hoton ne zai yi magana, dole duk wanda ya kalla ya gane abin da yake kallo. An ce kowane malamin daji ya gwada zana na yankinsa, wanda nasa ya fi shi za a ba aikin.

Na karɓi fensirin, na juya bayan takardar. Ban taɓa ganin barewa a daji ba, amma akwai wadda wani attajiri ya taɓa ajiyewa a gidansa a Bebeji, muna yara mukan kai mata ganyen wake. Na tuna siririyar ƙafarta, da baƙin layin da ke gefen cikinta, da yadda take tsayawa kamar yanzu za ta zabura. Kafin a kira magariba na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo, sai ya tashi ya nufi ɗakin Inna da takardar a hannu.

"Inna, mece ce wannan?"

Ta nisanta takardar da fuskarta, ta ƙanƙance ido. "Barewa mana. Ka mai da ni makauniya ne?"

Ranar da ya je Kano ya tafi da ita. Da Baturen ya yaba, Malam ya gaya masa kai tsaye cewa iyalinsa ce ta zana. Ya dawo da naɗin farar takarda mai kauri, da fensira, da buroshi masu laushi kamar gashin jariri, da wani ɗan akwatin ƙarfe mai ɗauke da fenti kala-kala, busassu kamar alewa, sai an ɗiga musu ruwa suke narkewa. Ya ajiye a gabana ya ce, "To, malamar daji, aiki ya same ki."

Kafin in taɓa komai sai da Inna ta sa Malam ya je wurin liman, don ta ji ana cewa zana abu mai rai akwai magana a kansa. Liman ya ce itace da ciyawa babu komai. Dabbobi kuwa, tunda a shafe suke a takarda, ba gunki ba ne mai inuwa, kuma don a wayar wa mutane kai za a yi, bai ga laifi ba. Ya ƙara da cewa in an zo kan burtu a kawo masa ya gani, don tun yana yaro tsuntsun nan yake ba shi dariya.

Da itatuwa muka fara, don su ba sa gudu. Kullum Malam zai dawo da reshe ɗaure a bayan keke: yau ɗorawa, gobe kaɗanya, jibi maɗaci ko marke ko kanya. Zan tsoma reshen a tulu don kada ya yi yaushi, in zauna a ƙofar ɗaki inda haske yake da kyau, in zana ganye, in zana 'ya'ya, in zana ɓawon da ya ɓantaro mini. Siffar itacen gaba ɗaya kuwa na san ta tun daga gida, wadda ban sani ba in leƙa ta kan katanga ko Malam ya kwatanta mini da hannu. Ashe ganyen da mutum yake gani kullum bai san shi ba sai ya zo zana shi. Ban taɓa lura ganyen kaɗanya a bakin reshe yake taruwa kamar an ɗaure tsintsiya ba, kuma gefensa a lanƙwashe yake kamar bakin zane, sai a lokacin.

Muka kafa doka ba tare da mun yi shawara ba. Duk zanen da na gama sai an kai wa Inna. Ba za a gaya mata komai ba. In ta faɗi sunansa da kallo ɗaya, ya wuce. In ta yi shiru, ko ta ce "to, wannan kuma fa?", sai in sake. Ɗorawa ta wuce nan take saboda jan furenta mai lilo kamar tuntu. Tsamiya ma haka, har Inna ta ce bakinta ya kawo yawu. Maɗaci kuwa sai da na yi ta maimaitawa, tana cewa, "Itace dai ne, 'yar nan, amma ban san gidansu ba." Wani lokaci da gangan take yi. Na kawo mata kuka, wadda ko yaro ya san ta, ta juya takardar sama da ƙasa ta ce ita rogo take gani. Sai da ta ga idona ya kawo ruwa ta yi dariya ta ce, "Kuka ce, har na hango miya."

Ba a je ko'ina ba koren fenti ya ƙare, tunda komai ganye ne. Kano da nisa, Malam kuma ba kullum yake zuwa ba. Na aika marina aka samo mini shuni, na daka gangamau mai ba da launin rawaya na tace, na haɗa su da ɗan ƙaro don ya kama takarda. Farkon haɗin ya fito kamar miyar kuka da ta kwana. Na yi ta ragewa ina ƙarawa har na sami kore iri-iri, na sabon toho da na tsohon ganye. Ja kuma na samu daga karan dafi, baƙi daga tawadar allo. Hannuwana suka rine, har matan da ke zuwa gaishe da Inna suna tambaya wane irin lalle ne wannan.

Da damina ta sauka muka koma kan dabbobi, a nan gidan ya rikice. Malam yana da wani tsohon maharbi, mutumin Doguwa, wanda ya ajiye kwari da baka ya zama mai gadin gandun daji. Shi ya ɗauki nauyin kamo mana ƙananan namun daji da rai, da sharaɗin in na gama a mayar da su inda aka ɗauko su. Yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ya ce, "A gaya wa uwar ɗakina na kawo baƙo."

Baƙuwar farko bushiya ce. Ana ajiye ta a tsakar gida ta dunƙule kamar ƙwallon ƙaya, ta ƙi buɗewa. Na zauna da fensir tun hantsi har rana ta take, ba ta motsa ba. Inna ta wuce ta ce in zana goruba kawai in sa mata ƙaya, babu mai ganewa. Can ta tausaya mini, ta fasa wani tsohon kara da gara ta cinye ta zube a gabanta. Jim kaɗan sai ga ɗan baƙin hanci ya leƙo yana rawa, sai ido, sai 'yan ƙafafu. Na yi ta zane ina riƙe numfashi.

Hawainiya ta fi ba ni wahala. Inna tana ganin ta ta shige ɗaki ta saki asabari, ta ce ita ba za ta haɗa ido da wannan abu ba. Na ɗora ta a kan reshen tsamiya, ta yi kore shar, na haɗa fentina na fara shafawa. Ina ɗagowa na ga ta taka a hankali ta koma kan dirkar rumfa, ta zama kalar ƙasa. Na mayar da ita, ta kumbura ta yi baƙi don fushi. A ƙarshe na zaɓi kore na ce ta yi duk abin da ta ga dama. Da na kai takardar bakin ƙofar Inna, ko hannu ba ta miƙo ba. "Na gane ta, na gane ta! Ɗauke mini ita daga nan."

Sai damo. Tsohon maharbi ya kawo shi a buhu, ƙato, ya ɗaure shi da igiya a kwankwaso ya ɗaura a jikin turmi. Damo ya kwanta a rana ko motsi ba ya yi, na ce yau na sami mai hankali. Na zana kai, na zana wuya, aka kira azahar na tashi na yi salla. Ina dawowa na tarar da igiya a ƙasa, babu damo. Na duba bayan rumbu, na duba madafa, na duba rariya. Ban so in gaya wa Inna ba, don tana ɗakinta tana kaɗi. Ina tsaye ina tunanin yadda zan fara sai na ji ƙarar kwanuka daga ɗakin, sai salati.

Na shiga da gudu na tarar da Inna tsaye a kan gado, mazari a hannu, tsohuwar da kullum take kukan gwiwa. Damo kuwa yana ƙarƙashin gadon a tsakanin tasoshinta, ya hura wuya yana zaro harshe.

"Wancan yaron ya mai da mini gida daji!" in ji ta. "Gobe kuma kura za a kawo mini?"

Maƙwabta suka cika gidan, masu ba da shawara sun fi masu matsowa kusa yawa. Aka yi sa'a tsohon maharbi bai bar gari ba, yana kasuwa. Ya zo ya nemi izinin shiga, ya durƙusa ya gaishe da Inna tana bisa gado, ya zura hannu ya jawo damo ta wutsiya kamar mai ɗauko tabarya. Da yamma Malam ya dawo ya sha faɗa, kansa a sunkuye, yana ƙunshe dariya. Ni kuwa yadda na ga damon a ƙarƙashin gado, wuya a hure harshe a waje, haka na zana shi. Inna ta ce ko a lahira ta gan shi za ta gane shi.

Aka kawo zomo, aka kawo fakara da zabon daji, aka kawo kunkuru wanda ya zauna da mu har ya saba da ɓawon kabewa. Burtu ma an samu, na zana shi da jan maƙoshinsa da gashin idonsa zara-zara, aka kai wa liman ya yi dariya har da tafa hannu. Amma akwai biyu da ba sa shiga buhu: gauraka da gwanki. Gauraka na taɓa hangowa tana wucewa a sama, shi ke nan. Gwanki kuwa sai ƙaho da guntun fata da aka aro mini. Na zana shi bisa kwatance. Malam ya ce kunnen ya yi gajere, tsohon maharbi ya ce wuyan ya yi siriri, na gyara, na sake gyarawa. Aka kai wa Inna ta ce, "Allah sarki, saniyar wa ce ba ta da lafiya?" Gaurakar kuma ta ce kaza ce aka naɗa wa rawani.

A lokacin ba na fita sai da magariba, in za ni barka ko gaisuwa. Ban taɓa tsammanin za a bar ni in je daji ba, ban ma roƙa ba. Inna ce da kanta ta tayar da maganar muna cin tuwo.

"A gaya wa wancan yaron," ta ce tana kallon bango, "ya kai yarinyar nan ta ga abin nan da idonta. Ni zan raka ta. Ni ma rabona da ganin gauraka tun ina budurwa."

Da ruwa ya ɗauke, dawa ta fara ja, muka shiga motar da ke zuwa Riruwai ɗaukar ma'adinin kuza. Ni da Inna a gaba kusa da direba, Malam a baya da kekensa da naɗin takarduna a cikin bututun gora don kada su jiƙe. Hanyar duk kwazazzabai, motar tana tafiya tana nishi, Inna ta riƙe hannuna tana karanta duk addu'ar da ta sani. Ni kuwa idona yana waje. Itatuwan da na yi wata da watanni ina zana rassansu ga su nan tsaye a gefen hanya, ina ta gaishe su a zuci kamar dangi. Bayan mun wuce Doguwa kaɗan muka sauka, muka taka zuwa wata ruga da ardonta abokin Malam ne.

Matar ardo ta tarbe mu da "Jaɓɓaama, jaɓɓaama," wato sannu da zuwa da Fulatanci, ta sauke mu a bukkarta, ta kawo kindirmo mai sanyi da fura. Doguwa ce fara, mai yawan dariya, kuma ita ke sassaƙa wa ƙorenta ado da bakin wuƙa. Da ta ga takarduna ta tara 'yan matan rugar, suna ɗauka ɗaya bayan ɗaya suna faɗin sunan kowane da Fulatanci, ni ina maimaitawa suna faɗuwa da dariya. Ta nuna mini yadda take yin layin ƙaya-ƙaya a bakin ƙwarya, na koya. Da shi na yi wa hoton bangon iyaka daga baya.

Washegari bayan sallar asuba ta ja mu zuwa fadamar da suke shayar da shanu. Raɓa ta jiƙa mana zannuwa har gwiwa. Muka laɓe a bayan gamba, ta ce mu yi shiru. Rana tana fitowa sai muka ji kuka daga sama, mai zurfi kamar ana busa ƙaho, sai ga su sun sauko a bakin ruwa, garke guda. Jiki baƙi, fiffike fari, kumatu ja da fari, a ka kuma wani tsiron gashi kamar zaren zinariya, rana tana haskawa ta cikinsa. Suka ɗan yi kiwo. Can ɗaya ta buɗe fiffike ta rusuna wa 'yar'uwarta, ta daka tsalle. Ɗayar ma ta rusuna ta yi tsalle. Kafin ka ce me fadamar ta ɗauka, suna tsalle suna juyi suna tsintar ciyawa suna watsawa sama. Inna ta manta an ce a yi shiru, ta rangaɗa guɗa. Suka tashi gaba ɗaya suka bar mu. Na duba cinyata na ga takarda fara fat, ko layi ɗaya ban ja ba.

"Ba komai," in ji matar ardo tana share hawayen dariya. "Gobe ma suna nan. Sai dai mu bar Inna a gida."

Ba mu bar ta ba, amma ta yi alkawari, ta kuma cika. Na zana su a tsaye, na zana su a sama, na zana mai rusunawa.

Gwanki shi ya ja mana rai. Tsohon maharbi ya zo ya same mu a rugar, kullum da la'asar ya kai mu wani rafi a gindin dutse inda ya ga sawunsu. Muka ga gada, muka ga gyado, aladen daji, da 'ya'yansa a jere wutsiya a tsaye, muka ga birai suna ɓarna a gonar dawa wani mutum yana bin su da jifa. Gwanki dai shiru. Har Malam ya fara maganar komawa, don aikinsa yana jiransa. A yammacin da muka ce shi ne na ƙarshe, muna zaune a kan wani falalen dutse, tsohon maharbi ya taɓa hannun Malam ya nuna da leɓe.

Yana tsaye a ƙetaren rafin, shi kaɗai. Ya kai doki tsayi, jikinsa ja-ja kamar ƙasar tudu, fuskarsa baƙi da fari kamar an yi masa kwalliya, ƙahonin sun lanƙwasa baya, kunnuwan dogaye sun baje gefe da ɗan tuntu a bakinsu. Ya kalle mu, muka kalle shi. Ya sunkuya ya sha ruwa, ya ɗago ruwan yana ɗiga daga bakinsa, ya yi wani huci, ya juya ba gaggawa ya shige cikin itatuwa. Na durƙusa a nan kan dutsen na fara zane tun hoton bai gushe daga idona ba. Da na gama, Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Shi ne. Har girman kan."

Da muka koma Tudun Wada sai aikin haɗawa a babbar takarda guda. Malam ya so a jera su layi-layi, itatuwa a sama, dabbobi a ƙasa, kamar yara a filin makaranta. Na ce a'a, a bar kowa a gidansa. Muka yi ta jayayya har kwana biyu, yana cewa ofis ya fi son tsari, ina cewa manomi ba a jere yake ganin su ba. A ƙarshe ya ce in yi yadda na gani, in Bature ya ƙi, ni zan sake. Na sa fadama a ƙasa da gauraki da giginya, gona a tsakiya da ɗorawa da kaɗanya da zabi a gindinsu, duwatsu a sama da marke da maɗaci, gwanki a tsaye a bakin rafi. Bushiya da kunkuru na ɓoye su a cikin ciyawa, yadda sai yaro mai lura zai gano su. Na bar wuri a ƙarƙashin kowane don a rubuta suna da boko da ajami. Malam ya naɗe ya kai Kano. Bature bai ƙi ba. Ya aiko da gaisuwa da sabon akwatin fenti, wannan karon da kore har iri uku.

Daga nan shiru. An ce an aika da shi wurin bugawa, an ce ana jiran takarda, an ce ana jiran layi. Aka yi wa Malam canjin wurin aiki zuwa Kiru, muka kwashe kaya muka koma, na haifi 'yata ta fari, har na daina tambaya.

Wata safiya yarinyar ta tashi da tari, ni da Inna muka kai ta ɗakin magani. Muna shiga rumfar jira na ga mutane sun taru a jikin bango. Na ɗaga ido sai ga shi, an kafe shi da ƙusa. Koren ya fi nawa duhu, jan ɗorawar kuma ya ɗan zarce layi, amma shi ne, babu abin da aka taɓa. Na nemi benci na zauna.

Wasu dattawa biyu suna gaba suna gardama a kan gadar da ke gindin kanya. Ɗaya ya ce namiji ne, ga ƙaho nan. Ɗayan ya ce wannan ba ƙaho ba ne, tukku ne, mace ce, kuma daga ganin cikinta tana da juna biyu. Na farkon ya ce ko ma mene ne, wanda ya zana wannan maharbi ne, ya daɗe a daji. Na biyun ya ce ina, wannan aikin Turawa ne, da na'ura suke yi. Inna ta buɗe baki za ta yi magana, na danne mata ƙafa da tawa, na ja mayafi na rufe fuska ina dariya har yarinyar ta farka a bayana. Suna cikin haka malamin asibiti ya leƙo ya ce mai jaririya ta shigo. Da muka fito da maganin tari a kwalba, sun bar gada sun koma kan zabi.